Tamanin da Bakwai da Ledar Famfas

An kira shi, Tegan. An kira Brodie. Yanzun nan, ko shayin da na haɗa ban sha ba, ga shi can ya huce a kan tebur. Na yi ta buga wayarki ba ta shiga, na san kina can ƙarƙashin ƙasa a ramin ma'adinanku, shi ya sa na zauna nake rubuta miki da hannu ɗaya, ɗayan Marnie ta kama tana tsotsar yatsana. In kin ga rubutun ya hau kan juna ki yi haƙuri.

Bari in faro miki daga tushe, don na san rabonki da kallon wasan kurket, na sanda da ƙwallo, tun muna yara, kuma ko a lokacin don askirim kike zuwa.

Gurbi ɗaya ne ya rage a ƙungiyar ƙasa, na mai buɗe bugu, tunda gwiwar tsohon da ke riƙe da wurin ta ƙi. Wasan Tes nake nufi, na kwana biyar, wanda ake ba mutum koriyar hula. Jaridu duk mutum biyu suke ta aunawa, mijina da wani yaron Sydney, Hamish Oakeshott. Kullum sai sun jera makinsu na wasannin jihohi gefe da gefe kamar kifi a kan tebur. Wai in aka raba na Hamish, hamsin ke faɗo masa a duk shiga, Brodie kuwa talatin da 'yan kai. Kin san lissafi ne ya kore ni daga makaranta, amma na san hamsin ta fi talatin. Akwai wani mai gemu a talabijin da ya ce wai Dornauf, Brodie nawa kenan, yaro ne mai kyau amma ɗanye ne, a bar shi ya ƙara shekara biyu. Sai ka ce ayaba.

Surukina Nev da ya ji haka sai da ya miƙe daga kujera.

"Filin Sydney ai kwalta ne," in ji shi. "Kakata ma da tsintsiya za ta yi hamsin a can. A kawo yaron nan Hobart da safe, ciyawa kore shar, ƙwallo na lanƙwasa kamar maciji, mu ga hamsin ɗin."

Matarsa Gaylene ta ce, "Nev, talabijin ba ya jin ka."

"Yana ji. Taurin kai ne irin na mutanen can."

Amma akwai abin da ko Nev ba ya iya musawa. Brodie ba ya cika kai ɗari. Zai yi bugu mai kyau tun safe, sai ya zo dab ya zubar. Sau uku ana fitar da shi a kan tamanin da bakwai. Kin dai san mu da lambar nan, saura sha uku a cika ɗari, sha uku kuwa lambar rashin sa'a ce, babu ɗan wasan ƙasar nan da ke son ganinta kusa da sunansa. Shi kuwa da ya taka ta sai ya kai wa ƙwallon da ba ta bugu ba duka don dai ya tsallake, sai a cafe. Har gidan haya muka ƙi saboda lambar ƙofarsa, Tegan. Gida mai baranda da injin wanki.

To sai ga wasan ƙarshe kafin a yi zaɓe, mu 'yan Tasmania da jihar Queensland, a nan gida. Ana gobe ranar ƙarshe ta wasan Brodie ya ce mini, "Shaz, Hartnett zai zo." Kingsley Hartnett kenan, shugaban masu zaɓen 'yan wasan ƙasa. "In kin gan shi ki gaishe shi ki wuce. Kada ki ba shi labarina, kada ki ba shi labarin Marnie, kada ki ba shi labarin komai."

Na ce, "Ni mai surutu ce?"

Ya ci gaba da goge takalminsa.

Queensland sun yi mana nisa, maganar ci babu ita. Abin da ya rage shi ne namu su tsaya da sanda har yamma kada a fitar da su duka, a tashi canjaras. Brodie ya shiga tun safe. Filin kamar kullum, mutum bai fi ɗari biyu ba sai tsuntsayen teku, in ɗan wasa ya yi tari a tsakiya kana ji.

Mu kuma muna wurinmu. Nev a bakin layi, Gaylene a tsakiya da fulas ɗin shayi, ni a ƙarshe da Marnie. Kin san dokar gidan nan, muddin Brodie na bugu babu mai motsawa daga inda yake. Ba a canja kujera, ba a zuwa bayi, ba a cire hula. In ƙafarka ɗaya na kan ɗaya lokacin da ya fara, haka za ta zauna sai an tafi hutu. Ba su kaɗai ba ne, 'yan wasan ma a ɗakinsu haka suke yi, amma na gidan Dornauf ya fi na kowa tsanani. Nev ya taɓa riƙe fitsari tun daga abincin rana har hutun shayi, da ya tashi tafiya yake kamar kaguwa.

Har aka dawo daga hutun shayi lafiya lau. An fitar da bakwai, saura uku, Brodie ya haura saba'in. Sai Marnie ta yi wani irin shiru, fuskarta ta yi ja. Kin san shirun nan.

Na ce, "Gaylene."

Ta ce, "Na ji. Ki daure."

"Ya fito ta baya fa. Ya kai wuyan riga."

"Ki rufa mata tawul."

Mutumin da ke gabanmu ya waiwayo ya kalle mu, ya ajiye burodinsa. Marnie ta tsala kuka. Nev bai ko juyo ba, ta gefen baki ya ce, "Shanelle, don girman Allah." Amma 'yata ce, Tegan, ba zan bar ta cikin wannan ba don wani ya ji daɗin kujera. Na ɗauke ta na miƙe.

Ban kai ƙasan matakala ba na ji ihun 'yan Queensland. An fitar da na takwas. Ban waiwaya ba. Na ratsa ta bayan shinge ina neman inda zan shimfiɗa ta, kafin in kai tudun ciyawar da ke gefen farin allon nan na bayan mai jifa, wani ihun ya tashi. Na tara ya tafi, jifa ɗaya tak. Daga nesa na hango Nev ya dafe kai da hannu biyu. Saura mutum ɗaya, Tyson Mawbey, dogon nan mai jifa, wanda sanda a hannunsa kamar an ba raƙumi cokali. In ya fita wasa ya ƙare, mun sha kashi, Brodie ya tashi a banza.

Na durƙusa a ciyawa ina canja mata, hawaye na zubo mini, iskar kogi na kwashe mini tsummoki. Na ƙulle ƙazamin famfas ɗin a leda, na rasa inda zan ajiye iska ba ta ɗauke ba. Na ga ƙafafun wani tsoho a tsaye kusa da ni, ko kai ban ɗaga ba na miƙa masa.

"Baba, riƙe mini wannan don Allah."

Ya karɓa. Na gama maɓalle rigar, na saɓa ta a kafaɗa, na miƙe, sai muka haɗa ido. Malafa, farin gashin baki, hancin nan da ƙwallo ta taɓa karyawa. Hartnett ne, Tegan. Shugaban masu zaɓe na ƙasa baki ɗaya, riƙe da kashin Marnie da yatsa biyu.

Daidai nan aka yi wa Mawbey jifar farko. Ya kai sanda gabas, ƙwallo ta bi yamma, ta wuce turakun da yake karewa a bayansa da kaurin gashi. Ya tsira.

Na ce, "Ka yi haƙuri, Mista Hartnett, ban lura ba. Kawo in kai bola."

Bai kalle ni ba, idonsa na fili. "Ina za ki?"

"Bola, ga ta can."

"Tsaya inda kike, 'yata. Ba ki ga ya tsira ba?"

"To ledar fa?"

"Tana hannuna ya tsira. Nan za ta zauna."

Na ɗauka wasa yake. Na ce, "Ai kai ba ɗan Tasmania ba ne."

"Allah ya kiyaye. Amma jirgi na hau na zo ganin yaron can yana bugu. In dogon nan ya fita na zo a banza kenan. Kada ki motsa."

Ashe shi ma tsohon ɗan wasa duk ɗaya suke. Haka muka tsaya, ni da jaririya, shi da leda.

Jim kaɗan Brodie ya samu wata ya tura ta har shinge, maki huɗu. Na fara tafi da hannu ɗaya a cinya, sai na kalli allon maki na daina. Tamanin da bakwai.

Queensland na da wani mai jifa, Kade Brankovic, ƙato, yana jifa kamar yana jin haushin duniya. Ɗan'uwansa mai gudun jifa ya ji ciwo a cinya tun rana, don haka shi kaɗai ya rage, yana jifa daga gefen da iska ke bayansa, ɗaya gefen kuma wani mai murza ƙwallo a hankali. Brodie ya je ya yi wa Mawbey magana a tsakiya, daga baya ya gaya mini abin da ya ce: kai ka miƙa doguwar ƙafarka ka tare mai murzawa, Brankovic nawa ne. To kin san in aka yi gudun maki ɗaya, masu bugu musayar gefe suke yi. Brodie na ɗaukar ɗaya, Mawbey ya faɗa gaban Brankovic.

Su ma sun sani. Kyaftin ɗinsu ya kwashe masu tare ƙwallo ya watsa su can bakin shinge, ya bar fili fetal. Ga maki ɗaya nan a ƙasa kamar an yar da shi.

Brankovic ya tsaya yana goge ƙwallo a wando, muryarsa har inda muke. "Dorny, ka duba allo kuwa? Ka iso gidanku."

Wani ɗan Queensland daga bayan Brodie ya ce, "Ɗauki ɗaya mana, abokina, kyauta ce. Mu ma ba ma son ganinka a wahale."

Aka yi jifa. Brodie ya tare, ƙwallo ta gangara inda babu kowa. Mawbey ya zabura ya taho da gudu. Ni kaina a zuciyata cewa nake, ɗauka, ɗauka ka sauka daga lambar nan. Sai Brodie ya ɗaga hannu.

"A'a. Koma."

Mawbey ya ja birki ya koma kamar an kira kare.

Haka aka yi ta yi. Brankovic ya yi jifarsa shida, Brodie ya tare ko ya ɗaga sanda ya bar ta ta wuce. Mai murzawa ya yi nasa shida, Mawbey ya miƙa ƙafa kamar mai auna zurfin rafi. Allon bai motsa ba. Da Brankovic ya ga zolaya ba ta ci ba sai ya koma jifan jiki. Ɗaya ta same shi a haƙarƙari, na ji ƙarar daga inda nake, Marnie ma sai da ta firgita. Ɗaya a yatsu. Ɗaya ta daki hular kwano. Kowane karo sai ya ɗan zaga, ya gyara safar hannu, ya dawo ya tsaya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Sun ce sai ya yi ɗari za ku ɗauke shi."

Hartnett ya ce, "Wa ya ce?"

"Mai gemun nan na talabijin."

"Shi ke zaɓe?"

Na tuna gargaɗin Brodie na ja bakina na rufe. Na yi ƙoƙari, Tegan, wallahi na yi.

Sai wayata ta yi ƙara. Gaylene ce.

"Shanelle, kina ina?"

"Gefen farin allo."

"A tsaye ko a zaune?"

"A tsaye."

"To kada ki zauna. Kada ki dawo. Nev ya ce ko kafaɗa kada ki canja wa yarinyar." Sai ta ce, "Wane ne wannan kusa da ke mai malafa?"

"Hartnett."

Ta ce, "Mene ne a hannunsa?"

"Kashin jikarki."

Ta kashe wayar.

Rana ta yi ƙasa, sanyi ya fara sauka daga dutsen bayan gari. Kafaɗata ta mutu, Marnie ta yi barci tana zubo mini miyau a wuya. Tsohon nan na tsaye ƙyam, ga ledar ta fara sanar da kanta duk da iska, har wani tsuntsun teku ya sauka yana leƙenta. Wani ma'aikacin fili ya taho da sauri, ya ce, "Mista Hartnett, a karɓar maka wannan? A kawo kujera?"

Ya ce, "Taɓa ta ka gani."

Mutumin ya koma da baya.

Aka zo jifa shida na ƙarshe, na Brankovic. Biyar Brodie ya tare. Ta ƙarshen sai ya sako masa ita gajera, can gefe, irin wadda Brodie ke kai wa shinge ido rufe, irin wadda ta fitar da shi sau uku. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Sai ya sauke sanda ya tsaya yana kallonta har ta shige hannun mai tsaron baya. Alƙalin wasa ya cire 'yan sandunan kan turaku, alamar an tashi. Canjaras. Dornauf, tamanin da bakwai, ba a fitar da shi ba.

Mawbey ya zo ya ɗaga shi sama, Brodie na ihun haƙarƙarinsa. Brankovic ma ya zo ya dafa masa kai. Hartnett kuwa ya taka a hankali har bola, ya jefa ledar da kansa, ya yarfe hannu, ya ce, "Sai an jima, 'yata." Ya fita ta ƙofar baya. Ko wurin Brodie bai je ba.

Muka shiga mota. Rediyo ya ce Hamish Oakeshott ya yi ɗari da arba'in a Sydney a ranar. Nev ya kashe shi. Can ya ce, "Sha uku kacal." Gaylene ta ce da ban tashi ba da mutum biyun nan ba su fita ba, da Brodie ya samu sararin cika ɗari. Nev ya ce da ban tsaya inda na tsaya ba da Mawbey bai kai ko'ina ba. Har muka iso gida ba su yanke ko laifi na yi ko taimako ba.

Da Brodie ya cire riga gefensa kamar yalo ya ruɓe. Ina ɗora masa ƙanƙara na gaya masa zancen ledar. Ya rufe fuska da hannu.

"Shaz, cewa na yi ki gaishe shi ki wuce."

"Ai shi ya hana ni wucewa."

Ya fara dariya, haƙarƙari ya kama shi, ya koma nishi. Na ce, "Ba ka kalli allon ba ne?"

"Na kalla ya fi sau ɗari."

"To me ya hana ka ɗaukar ɗayan?"

"Brankovic zai cire wa Mawbey kai. Mawbey kuwa yaransa biyu." Ya juya ya kalli bango. "Shi kenan dai, Hamish ya cancanta. Sai wata shekara."

Su masu zaɓen nan da safe suke kira, kuma da wanda aka ɗauka da wanda aka bari duk ana kiransu, don haka ƙarar waya ba ta gaya maka komai. Yau da safe Brodie na ba Marnie dafaffiyar kabewa, hannunsa duk ya ɓaci, sai ga kira. Ya ce in danna masa a bar ta a bayyane.

"Dornauf, Hartnett ne."

"Ina kwana, Mista Hartnett."

"Ya haƙarƙarin?"

"Da sauƙi."

"Ƙarya kake, amma ba komai. Saurara. Makinka na shekara uku duk na san su, na san inda ka yi su, na san a irin filin da ka yi su. Abin da ban sani ba shi ne ko za ka iya zama a inda ba ka son zama. Shi na zo gani." Ya yi tari. "Oakeshott yaro ne mai hannu, zai yi wa ƙasar nan wasa, na gaya masa da bakina ɗazu. Amma baƙin da ke zuwa wasa da mu suna da irin Brankovic har uku. Kai za ka buɗe mana a Perth."

Brodie ya ƙura wa wayar ido. Cokali na hannunsa, Marnie ta buɗe baki tana jira.

"Kana nan, yaro?"

"Ina nan."

"Za su kira ka su tambayi girman kanka saboda hula. Kada ka bari ya ƙaru kafin nan. Matarka na kusa?"

"Tana ji."

"Ce mata ta iya zama yanzu."

Sai a lokacin na lura tun da wayar ta yi ƙara ina tsaye a tsakiyar kicin da butar shayi a hannu, ƙafa ɗaya a gaba, ban motsa ba. Na zauna a ƙasa, Tegan, a kan tayil, na yi ta kuka ina dariya, Brodie ya zo ya rungume ni ya shafa mini kabewa a gashi.

Nev da muka kira shi cewa ya yi, "Dama na faɗa," sai kuma ya ce wai zai je ya duba wani abu a gareji. Gaylene ta ce yana can yana goge motar da ya wanke jiya. Ita kuma har ta gama tsara komai. Wai a Perth ni a tsaye zan yi kallo, gefen farin allo, Marnie a kafaɗar hagu, duk tsawon bugun Brodie. Na ce wasan kwana biyar ne fa. Ta ce in sayi takalmi mai taushi. Har tana tambaya ko za a iya roƙon Hartnett ya sake riƙe leda. Brodie ya ce in ta kuskura ta tambaye shi zai canja suna.

Perth fa, Tegan, kusa da ke. Ki je wurin shugabanku tun yau ki nemi hutu, kada ki ce mini aiki. Ina buƙatar wanda zai miƙo mini ruwa tunda ba zan motsa ba.

Yanzu ga abin da nake so ki yi mini da kin fito daga ramin nan. Ki kira Mama ta wayar maƙwabciyarta, tata kullum a kashe take cikin jaka. Ki gaya wa Anti Roz, ita za ta gaya wa sauran garin kafin ki ajiye waya. Kawu Col kuwa, wanda ya ce Brodie ya bar wasan yara ya koyi gyaran famfo, shi ki gaya masa a hankali, ki maimaita, ki ji abin da zai ce ki rubuto mini. Kada dai kowa ya sa a intanet sai an sanar da rana tsaka, Brodie ya roƙe ni. Marnie ta kifar da sauran kabewar a kan wayarsa, bari in tashi. Ki gaya wa kowa, kin ji, har mutanen ramin naku.